Dattijon da Tankari Ya Sayo

"Ni fa, ku kawo mini mage da ɓera, ku rufe mu a ɗaki ɗaya. Kafin la'asar za ku tarar suna zuba wa juna shayi!"

Maganar Tankari ke nan wata ranar Lahadi a shagon Alhaji Babayo da ke benen Tianxiu. Ya harɗe ƙafa, yana kaɗa makullin gida a yatsa don a zaci na mota ne. In ba ka san Tankari ba, mutumin Illela ne da ya daɗe a Kantin Kwari kafin ya gangaro Guangzhou, inda yake raka baƙin 'yan kasuwa sayen jakunkuna a Shiling. Ni kuma Rabe, shekara huɗu muna haya gida ɗaya a unguwar Xiaobei. Don haka duk abin da zan faɗa maka da idona na gani, wani ma da hancina na shaƙa.

Abin da ya kawo cika bakin shi ne ƙungiyar 'yan kasuwarmu za ta naɗa shugaban kwamitin sulhu ranar Juma'a, Tankari kuwa ya ƙwallafa rai. Har kati ya buga guda ɗari biyar, an rubuta "Mai Sulhu na Ƙasa da Ƙasa" da Hausa da Turanci da Sinanci. Ni dai sulhu ɗaya na san ya taɓa yi, na wasu mutum biyu da suka yi sa'insa a kan kwali a cikin lif. Kafin ya sa baki suna gaisawa. Yau shekara biyu ko sallamar juna ba sa amsawa.

Alhaji Babayo, wanda shi ne shugaban ƙungiyar, ya yi murmushi ya ce, "To Tankari, ga dama ta samu. Gobe zan tafi garin Yiwu da Radiyya, za ta yi mini tafinta, sai Alhamis. Tana da ɓerayen Masar guda biyu, duka maza. Ka riƙe mana su lafiya har mu dawo, ni da bakina zan ambaci sunanka ranar Juma'a."

"Ɓera biyu kacal, Alhaji? Ai ka raina ni!"

Washegari da safe Radiyya ta kawo su. 'Yar Alhaji ce, tana karatun likitan dabbobi a nan garin. Kejin ya kusa tsawon katifa, kuma komai na cikinsa biyu ne: gidan ɓuya biyu, kwano biyu, kwalbar ruwa biyu, tarin ciyawa biyu. Ɗan ƙaramin ja sunansa Lawban, wato maigida da Sinanci. Farin ƙaton kuwa Meyo, wato babu, don babu ruwansa da kowa.

"Kawu, ka ji ni da kyau," in ji ta. "In ka ga Lawban yana gurnani yana rangwaɗa ƙugu, ko ya hau bayan Meyo, ka ƙyale su. Haka suke tuna wa juna waye babba, sun daɗe da gama wannan shari'ar. Kada ka rage musu kaya. Kada ka wanke kejin gaba ɗaya, da warin jikinsu kowa yake gane wurinsa. In faɗa ya kaure, tawul za ka jefa, ba hannu ba. Kuma don Allah kada wani ɓera ya kusance su, balle mace."

"'Yata, ni za ki koya wa zaman lafiya? Je ki kawai."

Ko lif ba ta kai ba Lawban ya fara aikinsa. Ya yi gurnani kamar ƙaramin janareta, ya zagaya Meyo sau biyu, ya ɗare bayansa. Meyo ko a jikinsa, ciyawarsa kawai yake ci.

Tankari ya dafe kai. "Innalillahi! Rabe, kana gani? Yaro a kan babba! Wannan gida ba tarbiyya."

"Ta ce fa a ƙyale su."

"Ita boko ta sani. Ni mutane na sani."

Ya jawo kujera ya yi wa Lawban nasihar minti arba'in a kan girmama na gaba. Daga nan ya ɗauke kwano ɗaya, wai 'yan'uwa kwano ɗaya suke ci. Ya ɗauke gida ɗaya, wai raba ɗaki shi ke kawo gaba. Ya yanka kokwamba ya miƙa wa Meyo, ya tare Lawban da murfin tukunya sai da babba ya ƙoshi. Kafin azahar sai ga su sun tsaya fuska da fuska, kowa ya ɗaga haɓa, haƙora suna kaɗawa kaf-kaf-kaf kamar keken ɗinki.

"Ka ji ko?" in ji Tankari yana shafa gemu. "Sun fara tattaunawa."

Ranar Talata ya tashi da sabuwar hikima, wai sai an buɗe sabon shafi. Ya juye kejin tas, ya wanke da omo, ya turara shi da turaren wuta, sannan ya shafa wa kowanne ɗigon turaren da yake ajiyewa don sallar Juma'a. Ka san abin da ya yi ke nan? Ya goge duk wata shaida ta waye maigida waye ɗan haya. Yana mayar da su, suka dubi juna kamar ba su taɓa haɗuwa ba, suka dunƙule suka zama ƙwallo ɗaya mai ja da fari. Gashi ya tashi har cikin shayina.

"Tawul!" na yi ihu.

"Mai sulhu ba ya ɓuya a bayan tawul!"

Ya zura hannu. Har yau ba mu san wanda ya cije shi ba, amma ƙarar da ya yi sai da tsohuwar da ke ƙasanmu ta buga silin da sandar share gida. Aka naɗe babban yatsa da bandeji ya koma kamar ƙullin goro.

Wallahi na tausaya wa dabbobin nan. Na ce a kira Radiyya a waya. Ya ce in na kira ta, in nemi wani gidan.

Ranar Laraba ya ce ya gano bakin zaren. "Gidan nan ba dattijo, Rabe. Ka taɓa ganin an yi sulhu ba dattijo a zaune?"

"Ta ce kada wani ɓera ya kusance su."

"Ɓera ta ce. Ni dattijo zan kawo."

Haka ya ja ni kasuwar tsuntsaye da dabbobi. Muka yi ta zagaye har ya hango wani baƙi, ƙato, mai tumbi har ƙasa, yana kwance a lungu ba ya ko motsi.

"Ga shi nan! Dubi natsuwa. Dubi tumbi. Wannan ya ga duniya."

Mai shagon, wata mata mai kirki, ta ɗauko shi za ta kifa cikinsa sama ta duba mana ko namiji ne ko mace, kamar yadda suke yi wa kowane mai saye. Tankari ya daka mata tsawa, yana kiran ta Lawban kamar yadda ake kiran kowane mai shago a nan.

"A'a, Lawban, a'a! Haba! Dattijo guda za ki tona wa asiri a tsakiyar kasuwa? Mu a wurinmu ba a haka."

Na ce, "Bari ta duba mana, minti ɗaya ne."

"Rabe, ka ji tsoron Allah. Kai za ka yarda a yi wa kawunka haka?"

Matar ta ɗaga kafaɗa ta sa shi a kwali. Tun a cikin jirgin ƙasa Tankari ya raɗa masa suna Baba Alƙali.

Ana sa Baba Alƙali a keji, duniya ta rikice. Meyo, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga murya ba, ya miƙe yana gurnani yana rangwaɗa kamar ango. Lawban ya haukace. Duk wanda ya matso kusa da Baba Alƙali, ɗayan ya yi kukan kura ya afka masa.

"Rige-rigen gaishe shi suke yi," in ji Tankari. "Tarbiyya ta fara shiga."

"To shi me ya sa ba ya cewa komai? Ci kawai yake."

"Alƙalin kirki ba ya gaggawar yanke hukunci."

Da ya fita sallar la'asar na yanka kwali na raba kejin gida uku, don kada a yi kisa a ɗakina. Ya dawo ya tarar shiru, ya ce in cire. Na ce sai dai mu daku. Ya yi tunani ya ce a bar shi, ai ko a kotu kowa da akwatinsa.

Ranar Alhamis Tankari bai tsaya jiran Juma'a ba. Ya gayyato dattawan ƙungiya huɗu, har da Malam Hadi, abokin takararsa, wai su zo su ga aiki da idonsu. Tun hantsi ya lulluɓe kejin da sabon zanin gado ya hana kowa leƙawa. Ya sa babbar riga, ya dafa shayi, ya jera katunansa a faranti. Da la'asar Alhaji Babayo da Radiyya suka iso daga tasha.

Tankari ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, na tarar da gida a rabe, yaro yana hawan babba. Na haɗa kwano, na wanke zukata, na kawo dattijo mai hikima. Ku saurara. Kun ji ko tari?"

Aka kasa kunne. Sai wani siririn kuka ya fito daga ƙarƙashin zanin, tsiyu-tsiyu. Wani ya amsa. Wani ma ya amsa.

Radiyya ta ajiye jakarta. "Kawu, wane dattijo?"

Ya yaye zanin da ƙarfi kamar mai buɗe sabon asibiti.

Lawban na lungu ɗaya da yagaggen kunne. Meyo na ɗaya lungun, an yi masa sanƙo a gadon baya. A tsakiya kuwa ga Baba Alƙali a kwance, tumbin ya sace, 'ya'ya huɗu suna turereniya a kan nono.

Radiyya ta ɗauki Lawban tana duba kunnensa, idonta ya kawo ruwa. "Wata uku na yi kafin su yarda da juna, Kawu. Wata uku! Ka kawo musu mace mai ciki?"

Tankari ya dubi kejin, ya dube ni. Ni kuwa na ga ashe silin ɗinmu yana da zane mai kyau.

Malam Hadi ya fara dariya har shayi ya sarƙe shi. Alhaji Babayo dai bai yi dariya ba. Ya sa tabarau, ya sunkuya ya ƙirga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙe ya kama hannun Tankari, mai bandejin, ya girgiza.

"Barka da arziki, Tankari. Alƙalin naka ya sauka lafiya."

Ranar Juma'a aka ba Malam Hadi kujerar sulhu ba tare da ko ƙuri'a ba. Amma Alhaji mutum ne mai cika alkawari, ya ce zai ambaci sunan Tankari, kuma ya ambata. Ya tashi a gaban jama'a ya ce duk wanda iyalinsa ke da tsohon ciki ya kwantar da hankalinsa, ƙungiya ta samu ungozoma.