Yadda Masanin Tsirrai Zai Tsira da Mutuncinsa a Kan Lemon Surukarsa

Ni ne Dakta Midhat na birnin Mansura. Shekara sha tara ina binciken garkuwar jikin tsirrai, wato 'yan sinadaran da ganye ke fitarwa su kashe ƙwayoyin cuta. Takardun binciken da na wallafa arba'in da ɗaya ne, har a Japan ana ambato na. Idan kai ma masani ne irina, kuma surukarka ta kira ka ka duba shukarta, bi matakan nan. Na yi maka alkawari kujerarka ta abincin Juma'a a gidanta ba za ta salwanta ba.

1. Kada ka ce ba fanninka ba ne

Bayan ka cika ciki da mahshi, kayan lambun nan da ake cusa wa shinkafa, za ta ja ka saman bene. Tawa, Hajja Nawal, itacen lemo biyu ta nuna mini a tukwane, waɗanda marigayi mijinta ya dasa da hannunsa. Ganye duk ya yi rawaya.

"Dakta, kai da Japan ta san ka, lemo biyu ne za su gagare ka?"

Kai ka san duk rayuwarka wata 'yar ciyawa kake raino a faifan gilas, ba ka taɓa warkar da ko na'ana'a ba. Haɗiye wannan bayanin tare da shayinka.

2. Juya ganye

Duba bayansa, ka shinshina, ka ce "hmm." Idan ta matso, ƙara "hmm" ɗin tsawo. Rabin ilimi a hanci yake.

3. Bar ɗaya babu magani

Kawo sinadarinka daga ɗakin bincike, ka fesa wa ɗaya, ka ɗaura masa jan zare. Ɗayan ka ƙyale shi, don in ba haka ba yaya za a san maganin ne ya yi aiki? Duk masani ya san wannan. Suruka ba ta sani ba.

"Wato wannan ɗan gata ne, wancan maraya?"

"Haka kimiyya take, Mama."

"'Ya'ya biyu na haifa. Da zazzaɓi ya kama su sai in ba matarka magani, in zuba wa ƙanwarta ido?"

Kada ka ce da an yi hakan da an samu sakamako mai kyau. Ni na faɗa, har yau ina da-na-sani.

4. Koma bayan mako uku, ka riƙe fuskarka

Za ka tarar maraya ya yi kore shar, har da fure. Mai jan zare kuwa ya zama tsinke, ganye uku suka rage masa, su ma suna sallama. Gyara tabarau ka ce, "Wannan sakamako ne mai jan hankali." Da wannan jimlar da yawanmu suka zama farfesoshi.

5. Tambaye ta abin da ta yi a bayanka

Ta yi, kada ka yi shakka.

"Ni? Ba abin da na yi. Marayan ne ya ba ni tausayi, na ja shi rana, ina juye masa ragowar ganyen shayi da safe, muna ɗan hira."

"Mai jan zaren fa?"

"Ai shi mara lafiya ne a hannun likita. Sau uku a rana nake shayar da shi, kada magani ya zauna masa a ciki babu ruwa."

Tura yatsa cikin tukunyar. Taɓo ne zalla, saiwa ta ruɓe tuni. Ruwa ne ya kashe shi, kuma yawan ruwa ne ciwon duka biyun tun farko, abin da duk mai sayar da furanni a bakin titi zai gane a kallo ɗaya.

6. Yi shiru

Nan za ka ji bayani yana maka ƙaiƙayi a harshe: ba sinadarinka ba ne, gwajin ne aka ɓata. Kafin ka buɗe baki, dube ta. Tawa tana tsaye tana shafa busasshen reshen, idonta ya cika.

"Ya tafi wurin mai shi," in ji ta. "Ba laifinka ba ne, ɗana, ka yi iyakar iliminka."

Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinta. Ka bar ta da zaton ilimin ne ya gaza, ya fi a ce mata hannunta ne. Ɗauki tukunyar ka sauko da ita da kanka.

7. Karɓi yabon da ya samu

Kafin Juma'a ta zagayo, duk gidan benen ya ji cewa surukin Hajja Nawal ya warkar da lemo ba tare da ya taɓa shi ba. Za a zuba maka miyar mulukiyya har ta tumbatsa, sannan surukar taka ta rage murya:

"Dakta, wanda ya rage ɗin nan, don girman Allah kada ka ba shi komai."

Ce to.

Gargaɗi

Marubucin ba shi da alhakin duk itacen da ya bushe ko yatsan da ya yi wari. Haka kuma idan ka tarar matattakala ta cika da tukwanen maƙwabta, kowacce mai ita na roƙon ka duba ta amma ka yi mata irin na marayan, babu ruwana. Nawa sun kai sha huɗu, duk suna raye, kuma ban taɓa yin aikin da ya amfani jama'a kamar wannan ba.