Farfesa Sifana da Notin da Ya Ƙi Karyewa

Allah Ya yi wa ƙungiyarmu ta manoma baiwa da Ya ba mu Farfesa Sifana. Ba wata jami'a ce ta ba shi farfesancin ba, shi ne ya duba cancantarsa ya ga zaluncin ya isa haka. Farar rigar aikinsa kullum a goge take, ko ɗigon baƙin mai ba ta taɓa gani ba. Sifana kuwa tana aljihun gaba, da ita yake nuna wa mutane inda za su tsaya.

Da ƙungiya ta sayi injin yankan ciyawa, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya, ba a ma wahalar da kowa da zaɓe ba. Farfesa ya dafa shi ya ce, "Daga yau lafiyarsa tana wuyana." Aikinsa na farko fenti. Ya shafe injin tas da ja, har 'yan ramukan da ake ɗura giris ya toshe, wai suna ɓata tsari. Injin ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa, Farfesa ya ce ai muryar ƙarfi ke nan.

To, akwai wani ɗan noti da ya haɗa sandar da ke juyowa daga tarakta da giyabos ɗin injin. Da gangan aka yi shi da ƙarfe mai taushi, don in wuƙar injin ta daki dutse ko kututture, notin ya karye, sauran kaya su tsira. Bayanin ma yana rubuce a jikin injin, sai dai fenti ya binne shi.

Notin ya karye a gaban 'yan ƙungiya, ya sake karyewa a gaban masu wucewa. Farfesa ya ɗauki abin cin mutunci. Ya hau tayar tarakta don na baya ma su amfana.

"Jama'a, waɗanda suka ƙera injin nan sun yi ƙoƙari daidai iliminsu. Amma ƙarfe ya riƙa karyewa a ƙarƙashin kulawata? Ni? Zan gyara musu kuskurensu, kuma ba sai sun gode ba."

Ya samo notin babbar mota mai taurin tsiya, ya sa aka buga shi da guduma, aka bi shi da walda sama da ƙasa.

Ana cikin haka yayarsa ta zo. Gonarta ta cika da ƙaya da ciyawa har ƙugu. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka, irinta yana zaune a buhu. In ba a share mata a makon ba, noman bana ya wuce ta, ga bakuna a gida.

"Ka dai share mini," in ji ta. "Ban zo jin lacca ba."

"Yaya, gonarki ce za ta shiga tarihi."

Ya gayyaci shugabannin ƙungiya, aka jera musu kujeru a bakin gona. Ya shimfiɗa ƙyalle a kujerar tarakta, ya hau da kansa. Layin farko ya fita sumul, har yana ɗaga wa baƙi hannu. A layi na biyu wuƙa ta gamu da kututture.

Wayyo! Ƙarar kaɗai ta tayar da baƙin daga kujerunsu. Sandar ta murɗe, giyabos ya tsage gida biyu, mai ya malale a ƙasa, tarakta ta yi tari ta mutu.

Farfesa ya sauko a natse, ya tona cikin tarkacen, ya ɗago wani guntu sama don kowa ya shaida.

"Kun gani? Ko lanƙwasa bai yi ba!"

Kuma gaskiyarsa, notin lafiyarsa ƙalau. Duk injin shi kaɗai ne ma mai lafiya.

Yayar ta tsaya tana kallon layi ɗayan da aka aske mata, sauran gonar kuwa tana nan yadda take. Wallahi ta ba ni tausayi. Ta shiga bukkar gona ta fito da adda biyu, ta cilla masa ɗaya a gaban manyan baƙinsa.

"Auta, ajiye shirmen nan. Ka fara daga waccan kusurwa, ni daga nan. Ba ka barin gonar nan sai mun haɗu a tsakiya."

"Yaya, a matsayina na..."

"Duƙa!"

Da la'asar na bi ta wajen, na tarar da Farfesa a duƙe cikin ƙaya, yana tambayarta ko an yarda ya sha ruwa.