Rasuwar Batirin Takama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai tsamin turi, ni Munkaila direba, mai jigila tsakanin Dogarawa da Birnin Konni, nake sanar da ƴan uwa da abokan sana'a da fasinjoji rasuwar batirin motata, wanda duk tasha ta sani da suna Ɗan Baƙi. Ya rasu makon jiya da hantsi, a gindin iccen dogon yaro na ƙofar gidan surukina Ɗanjuma, bayan doguwar jinyar ciwon da ba nasa ba ne.

Marigayin ya shigo ƙasar nan ta iyakar Konni, a bayan kabu-kabu, lulluɓe da buhun albasa, don shi mai kunya ne, ba ya son tsayar da ƴan duwan, masu karɓar kuɗin fito, da gaisuwa. Ya tare a ƙarƙashin kujerar Takama, tsohuwar motar gazuwal, wato mai shan dizal, da na gada wurin babana. Ya tarar ta riga ta binne batir huɗu, amma bai tsorata ba.

Kowa shaida ne a kan halinsa. Rabin wayoyin unguwarmu a jikinsa suke shan caji. Ranar sunan ɗiyar maƙwabciyata Wasila, shi ya riƙe lasifika tun safe har masu rawa suka gaji, washegari kuma ya fita aiki bai ce uffan ba. Bai taɓa tsirfar abinci ba. Ana cewa batir sai ruwan kwalba na musamman, shi ko na rijiya aka ba shi sha yake. Kullum safe nakan ƙwanƙwasa masa dutse a ka don wuta ta kama, kuma ban taɓa jin ya kai ƙarata ba. A zamanin ƙarfinsa, in na murɗa makulli, abin da za ka ji kawai shi ne "ƙir-ƙir-ɓurum", sai baƙin hayaƙi ya kori kajin maƙwabta.

Ciwon ya fara ne da ɗaukewar damina. Motar gazuwal jikinta nauyi gare shi, in ba a juya ta da ƙarfi ba, ba ta tashi. Sai na fara jin muryar ta canza, ta koma "uwo... uwo... uwo", fitilun gaba kuma su yi ja kamar garwashin da ya kwana. Na koma ajiye Takama a gangaren bayan lakwal, makarantar bokon garinmu, inda turi ke da sauƙi. Fasinjojina mutanen kirki ne, har sun saba, kowa ya san inda yake dafawa. Da haka muke ta lallaɓawa, har ranar da Hajiya Hawa'u mai tattasai ta dafa, motar ta tashi ba sallama, ta bar Hajiya a ƙasa, takalmi gabas, mayafi yamma.

Hajiya ba ta ko karkaɗe jikinta ba ta wuce wurin sarkin tasha, Maman Sani. Ya kira ni gaban jama'a ya ce, "Munkaila, ranar kasuwar Konni mai zuwa zan tsaya da kaina. In ta tashi da makulli, ka yi lodinka. In sai an tura, na cire ka daga layi har a gama kaka." Wanda bai san sana'ar nan ba ya sani, a kaka direban ƙauye ke cin shekararsa, lokacin da wake da gero ke neman hanyar kasuwa. Wallahi ranar ko tuwo bai shiga ba.

Na kai marigayin Malbaza wurin Tijjani mai gyaran wutar mota. Ya ɗora masa mita a ka, ta nuna sha biyu da rabi. Na murɗa makulli, ya sauka goma ya dake, kamar namiji. Sai Tijjani ya mai da mitar can wajen demarer, injin da ke juya mota ta tashi, na sake murɗawa, ta nuna bakwai. Ya ce, "Maigida, batirinka tsoho ne amma yana bayarwa. A hanya wutar ke zubewa. Ka duba wayar mas, wadda ta haɗa shi da jikin mota." Ban musa ya faɗa ba. Amma yana cin gyaɗa ya faɗa, bai ko ɗaga murya ba. Kuma don Allah, wa zai yarda ciwon da ya kayar da Hajiya guda ya fito daga wayar da ba ta kai kamu ɗaya ba?

A nan ne Ɗanjuma ya shigo maganar. Shi masani ne, don ya taɓa sayar da shayi a bakin wani gareji a Sakkwato. Ya kara kunnensa a jikin marigayin, ya girgiza kai ya ce, "Datti ne ya taru a cikinsa. Wanki yake so." Muka tuntsurar da shi, muka zubar da ruwan jikinsa har ƙasar wurin ta yi kumfa. Muka ɗauraye shi da ruwan zafi daga butar Ɗanjuma da garin sabulu, Ɗanjuma ya jefa ƙwayar ciwon kai a kowane rami, muka cika shi da ruwan randa, muka shanya a rana. Da muka mai da shi mazauninsa na murɗa makulli, sai ya ce "ƙyat". Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Ɗanjuma ya ce dama kwanansa ya ƙare.

Na sayo magajinsa, sabo fil a leda. Ranar kasuwa Takama ta cika maƙil, buhuna har sama, sarkin tasha na tsaye da hannu a baya, Hajiya Hawa'u kuma ta zo kallo ko da yake ba tafiya za ta yi ba. Na yi bisimilla na murɗa. Jama'a, sai na ji "uwo... uwo... uwo", muryar marigayin sak, daga bakin wanda bai taɓa ganinsa ba. Fasinjojina, Allah ya saka musu, ba wanda ya ce su sauka, suka sauka suka jeru a baya, kowa ya dafa wurinsa. Maman Sani ya ɗaga hannu ya ce a sauke kaya.

Da yamma na shiga ƙarƙashin motar. Na tarar da wayar mas ta yi kore shar da tsatsa, ƴan silla kaɗan ke riƙe da ita, noti kuma na juya shi da yatsa. Na kankare wurin, na sa wata. Taɓawa ɗaya Takama ta tashi. Na kashe ta, na zauna a ƙasa kusa da gawar Ɗan Baƙi, na yi kuka na gaske.

Ya rasu ya bar Takama, da magajinsa da aka tozarta ranar farko, da dutsen da ya saba da kansa, da wayoyin unguwa masu yawa waɗanda yanzu ba su da mai shayar da su. Tsohuwar wayar mas tana rataye a ƙofar gida don kowa ya gan ta, amma ba ta cikin masu karɓar gaisuwa. Iyalai sun yafe wa Tijjani rashin ɗaga murya. Ana roƙon Ɗanjuma, in zai zo, ya bar butarsa a gida.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi daga bakin tashar Dogarawa, daga waje, don an hana mu shiga. Za a kai shi Konni wurin masu narka dalma. Masu rakiya su zo da takalmansu masu kyau, ba a bukatar turi. Marigayin zai zauna a kujerar gaba, wadda ya yi shekaru a ƙarƙashinta bai taɓa hawa ba. Wuri akwai shi da yawa, don shi kaɗai ne fasinjan da sarkin tasha ya bar mani a kakar bana.