Faifan Motar Mahamane

"...da gajiya kuma? Ina wuni, baiwata? Har yanzu ba a koya miki tashi tsaye in ubangidanki ya shigo ba?"

Laure ba ta ko ɗago kai ba. Tana zaune bakin murhu a tsakar gidanta na unguwar Gataa El Oued, tana tuƙa tuwon da leburori za su saya da azahar.

"Lahiya lau, Salifu. In kai ubangida ne, ina motarka? Na ji sallamarka, ban ji tarin tsohuwar ba. Ko ta riga ka gidan gaskiya?"

Salifu taubashinta ne. Mahaifinsa, Malam Abdurrazak, wan mahaifiyarta ne, kuma tun suna yara a Damagaram ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Zaman Tamanrasset bai canja komai ba. Yana da wata tsohuwar akori-kura, irin wadda mutanen nan ke kira bashe, da ita yake kwaso kayan lambu daga Tahifet, ƙauyen kan duwatsu inda mahaifinsa ke koya wa masu aikin lambu Alƙur'ani. Ranar Asabar, a hawan wani dutse, faifan ambarayaj ɗinta ya ƙone, abin nan da 'yan Najeriya ke ce wa kuloci. Kwana uku ke nan yana yawo da shi a buhu.

Ya samu kujera ya zauna, yana ƙoƙarin hana idonsa zuwa kusurwar gidan. A can, ƙarƙashin tamfol, akwai wata bashe irin tasa sak. Ta Mahamane ce, mijin Laure. Shekara huɗu da suka wuce ya bi motar wani abokinsa zuwa Arlit don gaida mahaifiyarsa, motar ba ta isa ba, ba a kuma ga ko tayarta a hamada ba. Laure ba ta yi takaba ba. Ba ta kuma bari an kwance ko noti ɗaya daga motarsa ba.

"Tsohuwa tana hutawa," in ji Salifu. "Ta yi aikin da raƙuma ashirin ba za su yi ba."

"Hutawa? An ce mini jaki ne ya jawo ku tun daga bayan gari. An ce har jakin sadda kai ya yi, kada danginsa su gan shi tare da kai."

"Ƙarya aka yi miki. Jakin ne ya roƙa. Ya ce rabonsa da ganin babban mutum tun yana shan nono."

"Mene ne a buhun? In tsaraba ce, ajiye ka kama gabanka."

Ya zaro faifan ya miƙa mata. Baƙi ƙirin, har yanzu yana warin ƙuna.

"Madalla, dama ina neman abin rufe ƙwarya. Amma wannan ai ya fi gindin tukunyata baƙi. Kai ka ƙona shi, ko? Ƙafar nan taka ba ta taɓa sanin sannu ba. Da ita ka fasa turmin kakarmu Gwamma."

"Ke kika fasa turmin, ni aka daka."

"Ai kai aka ga ya fi kama da gero."

Salifu ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Ya karɓi faifan yana jujjuya shi.

"Babu shagon da ban shiga ba, Laure. A unguwar Tahaggart wani Balarabe ya dubi faifan, ya dube ni, ya ce makash, wato babu, wai kakansa ne ya sayar da irinsa na ƙarshe. Wani ya fito mini da sabo fil a kwali, ya rantse zai hau. Na kai wa Harisu bakanike, ya duba haƙoran tsakiya: nawa goma, sabon ashirin da ɗaya."

"Ya fi ka haƙora ke nan."

"Na je kas, inda ake farke matattun motoci. Na samu mai haƙora goma, faɗinsa ya gaza da yatsa biyu. Wanda faɗinsa ya yi kuma ya cinye har ƙusoshinsa sun fito. Mai shago na ƙarshe ya ce sai an aiko daga Aljer, babban birni. Sati uku."

"To ka jira mana. Me kake yi da sati uku in ba cinye mini tuwo ba?"

"Baba ba zai iya jira ba."

Muciyar ta tsaya a hannunta.

"Me ya samu Kawu?"

"Ƙafar nan tasa ta ciwon suga. Gyambon ya fara baƙi. Na nuna wa likita hoto a waya, ya ce kada Alhamis ta wuce ban kawo shi ba. Ba ya iya zama, sai a kwance bisa katifa. Masu motocin haya kuma ba sa son ɗaukar baƙo marar lahiya wanda takardunsa suka ƙare, suna gudun tambayar jandarma a hanya. Ni sun san ni, sun san shi mahaifina ne."

Laure ta ajiye muciyar. Ta dube shi, ta dubi kusurwar gidan, ta sake dubansa.

"Shi ya sa tun da ka shigo wuyanka ya ƙi juyawa can."

Kunya ta kama Salifu. Tun daga kas yake shirya yadda zai faɗi maganar, yanzu duk ta watse masa. Sai ya koma ga abin da ya iya.

"Ni fa ba roƙo na zo ba. Ni ɗan namiji ne, ke 'yar mace. Ke da abin da kika mallaka duk nawa ne. Dukiyata na zo dubawa."

Muryar ba ta fita yadda ya so ba, amma Laure ta karɓa, kamar ta taimake shi.

"Dukiyarka? Kai da ka sauka garin nan da takalmi ƙafa ɗaya? A waccan motar Mahamane ya koya maka tuƙi, ka shiga da ita shagon mai burodi har tsakiya."

"Shagon ne ya tare hanya."

"Wata guda muna cin burodi mai ɗanɗanon taya."

"Kuma kika yi ƙiba."

Ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Laure ta sauke tukunyar, ta goge hannunta a zane, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Sati biyu kafin ya tafi ya sa mata sabon faifai," in ji ta. "Ya ce in ya dawo da ita za mu je Damagaram, in ga Inna."

"Na sani. Ni na tallabe masa akwatin giyar motar ranar."

"In na ba ka, ba za ta ƙara tashi ba."

"Aro ne. Da na Aljer ya iso zan mayar mata, ko Harisu ba zai gane an taɓa ba."

"Salifu. Zolaya na yarda da ita, ƙarya ban yarda ba. Ba faifan nake nufi ba, kai ma ka sani."

Ya sani. Ya mayar da faifansa buhu, ya miƙe.

"Yi haƙuri. Bai kamata in zo miki da wannan ba. Akwai wani Buzu a bayan kasuwa da aka ce yana tara tsofaffin ƙarafa, bari in gwada shi."

"Zauna. Wa ya sallame ka?"

Ta shiga ɗaki. Ta daɗe, har Salifu ya fara tunanin ba za ta fito ba. Da ta fito, mabuɗi ne a hannunta, ɗaure da igiyar fata. Ba ta ba shi ba. Da kanta ta je ta kwance tamfol ɗin ta ja shi ƙasa, ƙura ta tashi ta rufe su. Tayoyin sun kwanta, amma gilashin tas yake, alamar akwai mai goge shi. Ta buɗe ƙofa. Rawanin Mahamane na nan a kan kujera, shuɗi, a naɗe yadda ya bar shi. Ta ɗauke shi ta rungume a ƙirji, sannan ta miƙa wa Salifu mabuɗin ba tare da ta dube shi ba.

"Ka kira Harisu. Kada ya ciri faifan kaɗai. Ya haɗa da farantin da ke danne shi da ɗan zoben nan na tsakiya, duka ukun. Mahamane ya ce ba a haɗa sabo da tsoho a wurin, cin juna suke yi."

"Laure..."

"Ban gama ba. In ka isa wurin Kawu, ka ce masa maganar da ya yi mini bara, ta takaba, na ji ta. In Allah ya ba shi sauƙi, ya faɗa mini ranar da zan fara."

Salifu ya tsaya da mabuɗi a hannu. Ita ce ta share ido da gefen mayafi ta juyo.

"Sai sharaɗi ɗaya. In ka ƙona wannan ma, ka sauka. Ni zan riƙa tuƙa bashen zuwa Tahifet."

"Ke? Ko keke ba ki taɓa hawa ba."

"Zan koya. Na ga wanda ya fi ni wauta ya iya."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa tare da hawaye, har sai da ya dafa jikin motar.

"Kin ci, Laure. Yau kam kin ci."

Ya ciro waya yana neman lambar Harisu. Laure ta wuce ɗaki da rawanin, ta bar masa ƙofar motar a buɗe.