Rasuwar Kalkuletar Malam Armiya'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda babu abokin raba shi a gida, Malam Armiya'u Yari, tsohon malamin lissafi da ke zaune bayan tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gari da na Shinkafi da Zurmi rasuwar kalkuletarsa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan doguwar jinya da masu magani suka ƙi yarda tana yi.

Marigayiya ta shigo hannun Malam tun yana koyarwa a Shinkafi, gemunsa baƙi wuluk. Ba ta da surutu. Iyakar abin da aka taɓa ji daga gare ta shi ne ƙas-ƙas-ƙas in ana danna ta, sai ɗan ƙit idan an mayar da murfi. Ba ta taɓa sauya amsa don ganin idon wani ba. Da ita aka fitar da alƙiblar masallatai daga Badarawa har Zurmi, zamanin da magina ba sa aza tubali sai an tura mashin ya ɗauko Malam. Yanzu kowa waya yake ɗagawa ya juya ta a tafin hannu, babu mai turo mashin. Da Hajiya Kulsumu, matar Malam, ta rasu, 'ya'ya kuma aiki ya watsa su, sai gidan ya rage su biyu.

Kowace safiya, in ya sha kunu, yakan danne maɓallai biyu ya kunna ta. Wannan shi ne gwajin lafiya da maƙeranta suka ɓoye mata a ciki. Fuskarta ta cika da baƙaƙen ɗigo, ta share, ta nemi a taɓa maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna cewa ƙalau take. Malam ya ce, "Madalla, ni ma haka." Ita ke nan ina-kwanan da yake samu a gidan, kuma bai taɓa raina ta ba.

Gwajin bai tsaya ga gaisuwa ba. 'Yarsa Muhsina, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta daɗe tana so ya rufe gida ya koma wurinta saboda idonsa. Shi kuwa ya ce tsakar gidan da Kulsumu ta yi shekaru tana sharewa ba zai bar wa gizo-gizo ba. Suka yi alkawari: duk Juma'a za ta kira, ya yi gwajin, ta ba shi wani lissafi mai wuyar da ba a yinsa da ka, ya karanta mata amsar daga fuskar marigayiya. Ranar da ya kasa, ya haɗa kayansa. Malam mutum ne mai taurin kai, amma ba ya saɓa alkawari.

Ciwon ya fara ne da damina. A wajen gwaji, ɗigon gefe suka dusashe. Daga baya takwas ta riƙa kama da uku, tsakiyar fuskar ta yi hazo. Aka sauya batir, aka shanya ta a rana, aka goge gilashi da gefen rawani, duk a banza. Malam ya kai ta wurin Jaji mai gyaran rediyo a kasuwa. Jaji ya yi gwajin a gabansa, ya karanta komai tiryan-tiryan, ya ce, "Mallam, wagga ai lahiya lau take. Mi kag gani?" Malam ya ce dama Jaji rediyo kawai ya sani. Ya hau mota har Shinkafi wurin Dogo, wanda ake ji da shi a gyara. Dogo ma ya gwada, ya dubi idon Malam maimakon kalkuletar, ya ƙi karɓar ko sisi. Abin ya yi wa Malam ciwo ƙwarai.

Ranar Laraba ya danne maɓallan nan biyu, ya kai ta daf da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire batir da hannunsa, ya ce ta rasu. Da Muhsina ta kira ranar Juma'a ya shaida mata, ta ja numfashi ta ce, "Baba, in aiko maka wata?" Ya ce, "Haba ɗiyata, ko binne ta ba a yi ba. A bari a yi sadakar arba'in." Ta ce ta ji, ranar arba'in ɗin da kanta za ta zo, da sabuwa a jaka.

Marigayiya ta bar rula ɗaya mai karyayyen baki, da kamfas wanda allurarsa ke rawa saboda tsufa, da murfinta. Wayar da Muhsina ta aiko bara ba dangi ba ce, kada a yi mata gaisuwa. Ta kuma bar Malam Armiya'u, wanda yanzu yake shan kununsa ba tare da ya ce wa kowa madalla ba.

Babu salla, don ko Malam ya san iyakar wasa. An naɗe ta cikin farin ƙyalle, za a sa ta a ƙasan akwati gobe bayan la'asar, ba a yarda kowa ya buɗe fuskarta ba, musamman Jaji. Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren Malam kullum daga hantsi, har ranar arba'in. An shimfiɗa tabarmi, akwai shayi, kuma ba a gaggawar sallamar kowa. Ana roƙon duk wanda ya zo, in ya yi sallama, ya daure ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa.