Rasuwar Bunaji, Motar Madarar Ɗansoshiya

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika, ni Maikano direba na garin Dangora nake sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da duk wanda ya taɓa ɗaga mana hannu a hanya, rasuwar motata ta ɗaukar kaya, wadda aka fi sani da Bunaji. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan hawan da ke tsakanin Ɗansoshiya da Dangora, bayan jinyar da ta sha tun shigowar sanyin bana.

Matan rugagen Ɗansoshiya ne suka raɗa mata wannan suna, don fara ce tas kamar shanunsu na bunaji. Mai shan dizal ce, mai haƙuri, ba ta da gudu amma ba ta taɓa ƙin kaya ba. Da kaka takan kwaso masara daga Doguwa. Aikinta na kullum kuwa shi ne ta kai matan ruga da madararsu Kwanar Dangora kafin rana ta yi zafi, domin mai sayen madarar ba ya jiran kowa. Lokacin da take da lafiya, da ka murɗa makulli sai ka ji "gir-gir-girrim!", kajin unguwa su watse.

Ciwon ya soma ne da nauyin tashi. Da safe sai ta yi ta "wuu, wuu, wuu", ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Na kai ta wurin Muzammil makanike a Tudun Wada, ya ce hitocin da ke ɗumama mata ciki kafin ta tashi sun ƙone. Aka sauya. Ta ɗan ji sauƙi, har na soma yi wa mutane albishir.

Ba a jima ba batir ya fara wayar gari a mace. Na sa sabo, shi ma ya bi sahu. Jar fitilar nan ta gaban direba ta ƙi mutuwa ko ana cikin tafiya. Mai gyaran wayoyin mota ya ɗora na'urarsa, ya ce altaneta ba ta cajin batir, bel ɗinta ya saki, kan batir kuma ya yi tsatsa. Duk aka gyara, wuta ta dawo. Amma tashin safe bai dawo ba. Na kwarara mata ruwan zafi, na hura mata wutar kara a ƙarƙashi, na riƙa kwantar da ita a kan gangare don a ji sauƙin turawa. Mutanen masallacinmu sun tura ta har wasu suka koma fita ta ɗaya ƙofar. Ban ga laifinsu ba.

Ranar da za ta rasu, da turi ta tashi. Na isa ruga ban kashe ta ba, mata suka loda bokitansu suka hau. Muna tsakiyar hawa ta yi "kuf, kuf", ta yi wata irin girgiza, ta ɗauke. Matan nan suka sauko, suka ci ɗamara, suka tura ta baya, suka tura ta gaba, zufa na zuba a cikin wannan sanyi. Ina ta murɗa makulli ina roƙonta kamar mutum. Can sai Inna Baturiya, babbar cikinsu, ta zo ta dafa ƙofa ta ce, "Maikano, bar ta haka. Ta gaji."

Suka ɗora bokitai a ka suka kama hanya a ƙasa. Kafin su isa, mai sayen madara ya tafi, madarar ma ta soma tsinkewa. Babu wadda ta faɗa mini baƙar magana. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Washegari Muzammil ya buɗe injin, ya tarar ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ya goge hannu ya ce, "Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Ringin cikin injin ya cinye, kan inji ya tsage. Hita da batir ɗin da muka yi ta bi, ƙananan ciwo ne. Babban yana ciki tun tuni."

Marigayiyar ta bar ni, mai shekaru da yawa da ba kowa zai ba shi tuƙi ba. Ta bar maiɗakina Lubabatu, wadda har yanzu take dafa ruwan zafi da asuba kafin ta tuna. Ta bar matan ruga, waɗanda yanzu suke ɗaure bokitai a bayan babur, madara tana zuba a hanya. Ta kuma bar sabon batir da bai ji daɗin duniya ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan sallar Azahar. Tarakta za ta ja ta daga inda ta faɗi, a bi da ita ta bakin ruga kamar yadda Inna Baturiya ta roƙa, sannan a miƙa ta ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, a Kwanar Dangora. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana. Ni dai ba zan iya raka ta ba, don an ce da wuta suke yankawa. Ina roƙon duk wanda ya je, in ya dawo, kada ya ba ni labari.