Rasuwar 'Yar Baƙa, Wadda Ta Tafi da Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ya fi baƙin cikin yawa a cikinta, ni Mannir ɗan marigayi Malam Maccido nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kebbe, Fakku, Dogon Daji da Tambuwal rasuwar wayata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a gindin randar gidana da ke Kebbe, bayan doguwar jinya da ni na yi mata da hannuna. Shekarunta huɗu da 'yan watanni a wurina. Abin da ta yi a hannun mai ita na farko, ban sani ba.

Ba zan roƙa mata rahama ba, domin ba ta da rai, kuma na san iyakata. Ni ne mai bukatar addu'a. Wanda bai sani ba ya sani yau: a cikin marigayiya muryar mahaifinmu take, wadda na ɗauka kwana tara kafin rasuwarsa, yana bayanin iyakar gonarmu ta Fakku da gonar maƙwabcinsa, Baba Na'Allah. Ranar Litinin mai zuwa za a zauna gaban maigari a kan wannan iyaka, kuma gidanmu kaf ba su da wata hujja sai wannan murya. Babu kwafinta a ko'ina.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da juriya. Ta taɓa faɗowa daga kan babur a hanyar Tambuwal, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ta tashi ta ci gaba da aiki ba tare da ƙorafi ba. Ni da ban wuce firamare ba, a hannunta na koyi karanta Turanci, na koyi gyaran injin ban ruwa, na saurari karatun malamai da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ba ta roƙon komai sai in yunwa ta kai mata, sannan ta ce ɗin-ɗin, sau biyu, cikin ladabi. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Wannan halin nata na ƙarshe na daɗe ina yabonsa, yanzu kuwa ban tabbata ya cancanci yabo ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne bara, lokacin da abokina Shafi'u na Dogon Daji ya sa na ɗora mata wasan ƙwallo na intanet, irin wanda kana zaune a garinku kana karawa da mutum mai rai a wani gari. Watan farko lafiya lau. Daga nan ta fara maƙalewa. Ɗan wasana zai ɗauko ƙwallo da gudu, sai ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama, kamar wanda aka kira sunansa daga baya. Sai na ja numfashi uku kafin ya farfaɗo, a lokacin kuwa ƙwallo tana cikin ragata. Ihun 'yan kallo ma yankewa yake yi, haa, a, a, aa, kamar taron jama'a masu shaƙuwa. Shafi'u ba ya barin ta kwana, nan take zai kira.

"Kai Mannir, mai tsaron gidanka kasuwa yat tafi? Ka sai da wagga waya ka sai akuya, ita ko ba komi tana gudu."

Na yi dariya a kunnensa, amma abin ya ci mini rai fiye da yadda ya kamata ya ci ran magidanci. Na shiga neman magani. Na rage kyawun hoton wasan har 'yan wasana suka rasa fuska. Na rufe duk abin da ke aiki a ɓoye, na goge hotunan bukukuwa, na daina wasa tana kan caji. Na gano cewa a gidana netwok ya fi ƙarfi a kan katangar da ke kusa da rumbu, na riƙa hawa ina zama kamar mai gadin tsuntsaye. Shafi'u ya ce tsohon katin memori ma nauyi ne, sai na mayar da muryar Baba cikin jikin wayar, na wanke katin tas na cire shi. Kowane magani yakan yi aiki kwana biyu, sannan ciwo ya dawo.

A ƙarshe na lura cewa maƙalewar ba ta zuwa sai bayanta ya ɗauki zafi. Na bincika, na karanta cewa waya in ta ji zafi ya yi mata yawa, da gangan take rage gudu don kada ta ƙone. Ashe ba ciwo ba ne, kare ranta take yi. Da mai hankali ne ya karanta wannan, da ya bar ta ta huta. Ni abin da na fahimta shi ne in nemo mata sanyi.

Duk wanda ya san Kebbe da bazara ya san wuri ɗaya ne mai sanyi a gida: jiƙaƙƙen yashin da ake girke randa a kai, inda mata ke tura goro da ganyen miya don kada su bushe. Sai na riƙa saka marigayiya a leda, in ɗaure, in tona yashin in binne ta minti goma tsakanin wasa da wasa. Jama'a, ya yi aiki. Takan fito da sanyi kamar an ɗebo ta daga rijiya, 'yan wasana suna gudu ba tangarɗa. Cikin mako uku na ci Shafi'u sau huɗu, har ya daina kira. Ban gaya wa matata Khairiyya ba, domin kunya nake ji a ce maigida yana binne waya saboda wasa.

Ranar Talata na binne ta, aka kira azahar, na tafi masallaci. Ledar ba a ɗaure take ba. Khairiyya ta zo kamar yadda ta saba kullum a wannan lokaci, ta cika randa, ta sheƙa wa yashin rabin bokiti. Da na dawo ta same ni durƙushe ina tono.

"Malam, mi kaka nema nan? Waya? Cikin yashi? Ai ban san an fara shuka su ba."

Sai ta dubi fuskata, dariyar ta tsaya.

"Ba ita ta muryar Baba taka ciki ba?"

Na zaro wayar daga cikin ledar. Marigayiya ta kawo wani koren haske sau ɗaya, ta yi rawa a tafin hannuna, ƙirrrr, doguwa, ta yi shiru. Kwananta biyu binne cikin ɗanyar shinkafa ko za ta tsotse mata ruwan, ba ta motsa ba. Ina shaida wa kowa cewa Khairiyya ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Aikinta ta yi, a lokacinsa.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif a wuya, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da riga ta roba, da layi biyu, da katin memori wanda babu komai a cikinsa. Ta bar 'yan wasa goma sha ɗaya marasa fuska, tsaye a wani fili da ba zan sake shiga ba. Ta kuma bar ni, kuma a kaina ne sauran wannan sanarwa take.

Muryar Baba minti shida ce. 'Yan gidanmu minti biyu suka taɓa ji, inda yake lissafa iyaka daga tsohuwar rijiya zuwa tsamiya. Da ya kai tsamiya nakan danna in tsayar, in ce sauran tari ne kawai, ba daɗin ji. Akwai tari, gaskiya ne. Amma bayan tarin, marigayiya tana faɗin wannan da muryarsa, kuma na haddace shi kamar sunana:

"Daga tsamiya zuwa ƙorama ba namu na ba. Aro na. Mahaifin Na'Allah yab ba mu, shekarar da ruwa yac ci gonarmu. In sunka nema, ku ba su. Kada ku ja."

Daga tsamiya zuwa ƙorama shi ne wurin da ake jayayya a kai. Shi ne kuma kaɗai wuri mai damshi a gonar, inda yayata Zahara'u take noman albasa tana ci da marayu biyar tun da mijinta ya rasu. Shi ya sa ban taɓa tura wa kowa muryar ba. Na ce wa 'yan uwa girmamawa ce, kada muryar mamaci ta yi yawo a wayoyin mutane, suka yaba mini hankali. Na karɓi yabon.

Tun da aka sa ranar zama na san cewa gaban maigari babu mai danna tsayarwa. Za a saurara har ƙarshe, Yaya Zahara'u tana zaune. Kullum in na tuna sai in ɗauko wayar in shiga wasa. Yanzu ga tambayar da ta hana ni cin abinci: mantawa na yi ban ɗaure ledar ba, ko hannuna ne ya ƙi ɗaurewa? Mako uku ina ɗaurewa, ban taɓa kuskure ba. Na san lokacin da Khairiyya ke jiƙa yashi kamar yadda na san lokacin salla. Kuma bayan an sallame na tuna da wayar, na tuna sarai, amma na ci gaba da zama a sahu ina jan carbi, ina ce wa kaina ibada nake yi. Na juya wannan magana ta kowace fuska. Idan mutum ya so abu a ransa, bai furta ba, bai ƙudura ba, sannan abin ya faru ta hannunsa, sakaci za a kira shi ko niyya? Na karanta abin da na iya, ban sami inda aka yi maganar irina ba. Wani lokaci nakan rantse wa kaina mantuwa ce. Kafin in rufe baki sai in ji ban yarda da mai rantsuwar ba.

Jiya Yaya ta kira ta wayar Khairiyya.

"Mannir, ina wayarka? Kwana biyu nika kira, shiru. Ka cika ta da caji, ka jiya? Ran Litinin Baba zai yi magana, kowa shi ji."

Na ce, "To, Yaya."

Ina tsoron ta. Ita ta goya ni, kuma ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, wannan ya fi tsorata ni. Ina tsoron mutanen Baba Na'Allah, waɗanda za su ce da gangan na kashe wayar, ni kuwa ba ni da bakin ƙaryata su. Abin da ya fi duka ba ni tsoro shi ne sauƙin shirun. Mutum bakwai sun ji minti biyun farko, za su shaida da zuciya ɗaya, ba tare da sun yi ƙarya ba. Ni kawai zan sunkuyar da kai in ce waya ta mutu. Albasa za ta ci gaba da fitowa, marayu su ci. Wasiyyar Baba kuwa ba ta da sauran wurin zama a duniya sai ƙirjina, kuma na riga na ga abin da nake yi wa abin da aka ba ni ajiya. Shi ya sa na rubuta ta a nan, tun ban sami lokacin sake shawara ba. Ban ce na yi daidai ga marayun ba. Wannan ma na auna, bai daidaita ba.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Gobe Asabar da safe za a ɗauki gawar a kan babur zuwa Tambuwal, wurin Gazali mai gyaran waya, domin ya buɗe ta ya duba. Na riga na yi masa bayani, ya ce, "Kwana nawa da tas sha ruwan? Kawo ta dai, amma kada ka sa rai." Ko ta farfaɗo ko ba ta farfaɗo ba, ranar Litinin da hantsi za a kai ta Fakku, a shimfiɗe ta kan tabarma gaban maigari. In ta yi magana, a bar ta ta kai ƙarshe. In ba ta yi ba, ni zan faɗa a madadinta, da tarin da komai, kuma a shirye nake a rantsar da ni. Daga nan za a rufe ta a cikin akwatin Baba, tare da hularsa.

Ba za a yi zaman makoki a gidana ba. Na roƙi Khairiyya ta kai wannan takarda ta karanta wa Yaya Zahara'u kafin kowa ya gani. Mai niyyar ta'aziyya ya nufi gidan Yaya, ita aka yi wa rashi. A ƙofar gidan zai same ni zaune tun daga safiyar Lahadi, har ta aiko a ce in shigo, ko a ce in tafi.

Sanarwa daga Mannir Maccido, Kebbe, a madadin kansa shi kaɗai.